Motar Akawu da Man Ƙosai

Kuskuren da na yi bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wani mutum mai tabarau ne ya tsaya a kaina a Kano ya ce, "Kai yaro, ka taɓa wanke mota?" Bakina ya riga hankalina tashi, na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ke wanke ta kumandan a Tasawa." Maganar gaskiya, sau ɗaya na taɓa motar kumandan, Baturen Faransan da ke mulkinmu, da ɗan yatsa, ran da na gudo daga lakol, wato makarantar boko, gardin da ke tsaronta kuwa ya bi ni da bulala har bakin kasuwa. Iyakar sanin da na yi wa ƙaramar mota ke nan.

Ni ne Nomau, mutumin Gazawa, can ƙasar Faranshi. Shekarar da ake ta cewa Nasara za su naɗe tabarmarsu su bar mana ƙasa, ni abin da ya dame ni daban ne. Tuƙi nake so in koya. Duk ranar kasuwa ina ganin direbobin manyan motocin gyaɗa, hula a karkace, tsire a hannu, dattijo na yi musu magana suna kallon wani wuri. Na rantse gaban samari a dandali cewa ba zan sake taka Gazawa ba sai na iya juya mota. Wanda ya yi rantsuwa a dandali kuwa ya san abin da ke jiransa in ya dawo hannu rabbana.

Na bi masu jakuna muka ratsa daji, muka shiga ƙasar Ingilishi ta wajen Dankama, 'yan duwan masu tsaron iyaka ba su ga ko ƙeyarmu ba. A nan na gamu da ɗan'uwana na farko. A hanya kowa ɗan'uwanka ne muddin akwai abu cikin jakarka. Wannan wani dogo ne mai gemu irin na bunsuru. Da ya ji inda na fito sai ya dafe ƙirji.

"Gazawa? Allahu akbar! Ai kakata ta wajen uwa can aka binne cibiyarta. Ɗan wa kake?"

Na faɗa masa.

"Shi! Mutumin kirki. Yana nan da ƙafar nan tasa?"

Babana ƙafafunsa lafiya lau, amma na ce yana nan da ita. Daga nan muka zama 'yan gida ɗaya. Innata ta ɗaure mini gumba da ƙuliƙuli da ɗan kilishi, ta ce in yi ta lallaɓa su har in sami aiki. Kafin mu hango ganuwar Katsina mutumin nan ya gama zumunci da gumbar, ya gama da kilishin, yana leƙen jaka ko akwai sauran dangi a ƙasa. A ƙofar gari ya ce in jira shi zai zaga ya kama ruwa. Ina jin har yau bai gama ba.

A tashar Katsina ɗan kamasho ya dube ni sama da ƙasa, ya ji maganata, ya ce, "Ɗan Faranshi, ina za ka?" Na ce Kano, kuma kusa da direba nake so in zauna, don in fara ganin yadda ake yi. Ya karɓi kuɗin kusa da direba, ya ɗora ni can ƙololuwa bisa ƙiragan shanu, inda ƙudaje suka riga ni kama wuri. Na yi magana, ya ce, "In ba ka so ka sauko. Amma kuɗi in sun hau ba sa saukowa."

Motar nan ta girmi kakana. Ba ta tashi sai an tura, ba ta hawa tudu sai an sauka. Duk inda ta mutu sai karen mota ya yi ihu, "Maza, a sauko!" Masu manyan riguna su koma gindin itace suna ba da shawara, mu ƙanana mu sa kafaɗa. Ni dai a ƙasa na je Kano, sai dai da mota a gabana. Direban da na biya don in kalli hannunsa, ƙeyarsa kaɗai na gani, ita ma ba abin kallo ba ce.

An ce mini Kano ta fi gaban kwatance. Ta fi kuwa, wajen wari da ƙin amsa sallama. Ka gai da mutum, sai ya dubi hannunka kafin ya dubi fuskarka. Na je inda ake jibge buhunan gyaɗa kamar duwatsu, na ce ai wannan aikin gidanmu ne, da gyaɗa muka buɗe ido. Shugaban 'yan dako ya ce in gwada. Aka aza mini buhu a baya. Buhun ya tafi inda yake so, ni kuma na bi shi. Ƙarti suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wani ya ce, "Ɗan Faranshi, koma gida ka ƙara shan nono." Na so in gaya masa rabin gyaɗar da yake alfahari da ita jakunanmu ne suka ƙetaro da ita, amma bakina cike yake da ƙasa.

Na yi kwanaki ina kwana a rumfar kasuwa, ina tashi kafin mai rumfa ya zo. Sai na fara kewar abubuwan da ban taɓa zaton mutum zai yi kewarsu ba: kukan jakin maƙwabcinmu, faɗan innata a kan na bar akuya ta shiga rumbu, har da malamin lakol da sandarsa. Shi dai in ya doke ka ya san sunanka.

Wata safiya ƙamshi ya ja ni ta hanci har gaban wata tsohuwa mai ƙosai. Na tsaya nesa ina cin ƙamshin, tunda shi ba a sayar da shi.

"Kai, mi kake kallo?" in ji ta.

Maganar gida ce sak. Ban san sanda hawaye suka zubo ba, na ce hayaƙi ne. Sunanta Kaka Delu, mutuniyar Gangara. Aure ya kawo ta Kano tun tana yarinya, miji ya rasu, kasko ya riƙe ta. Ba ta ce ta san babana ba, ba ta tambayi ƙafar kowa ba. Ƙosai ta zuba mini a ganye, ta barbaɗa yaji.

"Kun ga angona ya zo daga gida ba ko goro," ta ce da masu saye. "Zauna ka ci, in ka gama ka kankare mini kasko. Ba na ciyar da miji malalaci."

A nan nake zaune, ina kankare kasko da toka, mai tabarau ya same ni. Sunansa Malam Ilu, akawu ne a wani gidan sayen gyaɗa, gidansa na kallon rumfar Kaka Delu. Baturen da yake yi wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu, ya sayar masa da motarsa, baƙa, mai dogon hanci. Tare da motar Malam Ilu ya gaji tabarau, da lofen da ba ya kunnawa, da wani irin tari da Baturen ke yi kafin ya yi magana. In ka ga yadda yake ɗaga kai sai ka rantse shi Nasara za su bar wa makullin ƙasa.

Da ya ji maganar kumandan sai idonsa ya yi haske. Ya yi tarin Bature ya ce, "Ba albashi. Za ka ci, za ka kwana a zaure. In na ga motata tana yadda nake so, ni da kaina zan koya maka tuƙi."

Kaka Delu ta yi tsaki cikin kasko. Na yi kamar ban ji ba.

Gidan Malam Ilu akwai famfo a tsakar gida, kuma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gan shi. Amma bazara ta shigo, famfon ya koma tari kawai yake, ba ya tofi. Ruwa sai a wurin 'yan garuwa, su kuwa sun san ranarsu ta zo, kana kiransu suna tafiya kamar sarakuna. Uwargida Asabe, matar Malam, ita ke tsaron randa, kuma da ita aka sa a kan iyaka da ko allura ba ta ƙetare ba. Safiyar farko ta miƙo mini ruwa cikin gwangwanin madara.

"Na mota ne," in ji ta.

"To nawa fa, Uwargida?"

"Ba masallaci a unguwar ne?"

Na fita ƙofar gida. Na dubi gwangwani, na dubi mota. Rana ta riga ta fara gasa ƙasa, harshena ya zama kamar tsohon takalmi. Na zagaya motar nan na duba ko'ina, ban ga inda take da maƙogwaro ba. Na shanye.

Sai aiki ya rage. Ranar na sa tsumma na murza ƙofarta da ƙarfi yadda ake murza jaki, rairayin da ke jikinta ya ja mata zane kamar tsagen Gobirawa. Na ruga wurin Kaka Delu na lakato baƙin tukunya na cike zanen, na yi ta addu'a. Daga nan na gane ba a fara taɓa ta da tsumma. Na roƙi wani mahauci wutsiyar sa, na shanya ta ta bushe, da ita nake kaɗe ƙura a hankali tun daga rufi har ƙasa, kamar mai korar ƙuda daga fuskar jariri. In ƙura ta tafi, sai in bi da guntun tsohon rawani mai laushi. Ƙarafan gaba masu walƙiya kuwa, toka nake tankaɗewa a tsumma har ta yi laushin kwalli, in goge su yadda innata ke goge tasoshin jerenta. Gilashi in huce shi da baki in murje da tsohuwar jarida. Jarida ba ta yankewa a gidan, don Malam kullum sai ya saya ya saƙale a hammata, ban dai taɓa kama shi yana karantawa ba. Tayoyi in shafa musu baƙin tukunya. Ciki in share da 'yar tsintsiyar kaba, in kakkaɓe shimfiɗun ƙafa a bango. Kashin tsuntsu ne kaɗai ke neman ruwa, shi kuma yawu ya ishe shi. Tsuntsayen unguwar nan kuwa, ban san abin da motar ta yi musu ba, daga Fagge suke tasowa musamman.

Kowace safiya Malam ya fito da farin hankici, ya shafa a jikin motar, ya kai shi kusa da tabarau. Ba ya samun kome. Sai ya kira abokansa.

"Ku duba aikin Faransa. Da gwangwani ɗaya fa! Ku naku yaran sai sun ƙarar da garwa." Ya juya ya ƙwala kira cikin gida. "Asabe! Daga gobe rabin gwangwani ya ishe shi."

Ka ji sakayyar gwaninta a Kano.

Tuƙi fa? Duk sanda na tayar da maganar sai ya ce, "Tukuna. Mota sai ta saba da mutum." An dai yarda in juya ƙarfen da ake tayar da inji da shi ta gaba, wanda ya taɓa haurina har na ga taurari da rana. An yarda in sa dutse a bayan taya. An yarda in ruga gaba in kori kaji. Korar kajin ma ɓata lokaci ne, don yadda Malam ke tuƙi, kaza in ta ga dama sai ta wuce shi ta dawo ta sake wuce shi. Yana riƙe sitiyari kamar wanda aka ba jinjirin wani, ƙirji a manne, wuya a miƙe, yana salati a kowace kwana. Wannan shi ne malamin da zan ɗauki karatu a wurinsa. Amma wanda ke cikin rijiya, ko igiyar kaba aka miƙo masa kamawa yake.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani babban ɗan siyasa zai zo daga Kaduna, kuma an ce duk mai mota ya fito fili a yi jerin tarba. Kujerun Nasara na ta zama babu kowa, kowane akawu na ganin ɗaya tasa ce in dai an gan shi. Malam Ilu ya kasa zama. Babban ciwonsa maƙwabcinsa ne, Malam Bawa, mai shuɗiyar mota, wanda yaronsa ke goge ta da man kanti na cikin gwangwani.

Ya kira ni zaure. "Nomau." Ranar ce ya fara faɗin sunana, da Ɗan Faranshi nake. "In motata ta fi ta Bawa sheƙi gobe, wallahi jibi ka zauna gaban sitiyari."

"Ranka ya daɗe, to a sayo man kantin nan mana."

"Kai da ka wanke ta kumandan, me za ka yi da man kanti?"

Na je wurin Uwargida in roƙi ko garwa guda. Makon nan ko 'yan garuwa sun yi wuyar gani, yara na kuka, tukwane a kife. Ta tsaya gaban randa ta riƙe ƙugu.

"Ko ɗigo. Ƙarfen nan ya cinye mana kuɗin cefane, ba zai shanye mana ruwa ba. Ka wanke ta da hawayen mai ita."

Na zauna a gindin taya ina tunani. A Gazawa in ana son abu ya yi sheƙi, mai ake shafa masa. Yaro ran Salla, mai. Sirdi, mai. Sandar Bafillace, mai. Ƙaho, ƙwarya, kan tsoho mai sanƙo, duk mai. Man kantin Bawa ma ai sunansa mai. Na ga duk Kano, da tabaransu da jaridunsu, ba wanda hankalinsa ya kai nan sai ni.

Kaka Delu tana da wata kwalba da take tara man gyaɗar da ya gaji da suya, ya yi baƙi. Na ce ta ba ni.

"Mi za ka yi da shi?"

Na gaya mata.

"Angona, ƙarfe ba fata ba ne. Fata sha take. Ƙarfe mi zai yi da shi?"

"Kaka, ke ƙosai kika sani. Ki bar wa masu mota maganar mota."

Ta dube ni, ta miƙo kwalbar. "Ungo. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Da aka sauko daga sallar asuba na kaɗe motar da wutsiya, na tsoma rawani cikin mai na fara. Ban bar ko'ina ba. Rufi, ƙofofi, hanci, tayoyi, har gilashi, don na ga in an shafa masa yana wani irin ƙyalli. Da rana ta fito ta haske ta, ni kaina na tsorata. Baƙin nan ya koma kamar na kumurcin da ya yi sabuwar saɓa. Ina ganin haƙorana a jikin ƙofa, har da abin da ya maƙale a tsakaninsu.

Malam ya fito cikin farar babbar riga da ta sha bugu, da sabuwar jar dara. Ya ja da baya, ya cire lofe daga baki. Ya leƙa ƙofar gidan Bawa, ya dawo ya dubi tasa, ya yi wata 'yar dariya ta mugunta. Sai ya ɗaga hanci.

"Wane ƙamshi nake ji kamar albasa?"

"Ranka ya daɗe, man Faransa ne. Haka yake."

"Na sani," in ji shi. "Na sani. Na sha jin irinsa a gidan Bature."

Ya ce in shiga gaba in zauna kusa da shi, don in mun isa in ƙara gogewa. Wata da watanni ina lasar motar nan da tsumma, ranar na fara sa ɗuwawuna a kujerarta. Kaka Delu na kallonmu daga bakin kasko, na ɗaga mata hannu yadda manya ke yi, da 'yan yatsu biyu.

Kan kwalta lafiya lau. Mutane na tsayawa suna nuna mu, Malam na tarin Bature shi kaɗai. Amma hanyar filin ta ƙasa ce, kuma duk Kano ta riga mu hawanta: manyan motoci cike da 'yan jam'iyya suna waƙa, masu kekuna, masu jakuna, kowa na tayar da nasa rabon ƙasa. Duk abin da suka tayar, motarmu ta ce nawa ne. Muka bi ta bayan kasuwa, ta ƙara da ɓawon gyaɗa da gashin kaji da ɗan audugar da iska ke yawo da ita. Kafin a jima ta zama tsire sosai, an shafa mai an barbaɗa ƙuli, saura a kafa ta a bakin wuta.

Gilashi ya fara rufewa. Malam ya murɗa abin share ruwan sama, sandunan nan biyu suka dama ƙasar da man suka yi kunu.

"Goge! Goge mana!"

Na miƙa hannu ta taga da rawanina. Rawanin ya fi gilashin mai. Duniya ta ɓace gaba ɗaya, sai wani jan duhu kamar muna cikin tulu. Malam ya zura kai ta tagarsa don ya ga hanya. Wata babbar mota ta wuce mu fuu, iskarta ta ɗauke jar dara. Mutumin nan, da ya zaɓa tsakanin hula da rayukanmu, bai yi ko shawara ba. Ya saki sitiyari ya kai hannu biyu sama.

"Riƙe! Riƙe mini!"

Na riƙe.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Abin santsi gare shi, yana rawa a hannu kamar mai rai. Na ji duk ƙarfen nan yana jiran abin da zan ce. Na manta ƙishirwa, na manta buhun da ya kayar da ni. Ba na ganin kome a gabana, amma wannan bai dame ni ba, don Malam ma da yake gani ban ga abin da ya ƙara masa ba. Sai na ce bari in gwada ko tana jin magana. Na ja ta dama yadda ake jan akalar raƙumi.

Tana ji. Ta bar hanya a hankali, cikin ladabi, ta gangara wani busasshen kududdufi a bakin filin, ta kafa hanci a ƙasa ta ɗaga gindi sama, ta yi shiru.

Ba wanda ya ji ciwo. Da gudun da Malam ke yi, ko ƙwai ne a cikin motar ba zai fashe ba. Ƙofarsa ta ƙi buɗewa sosai, ya matsa ya fita yana goga jiki da motar tun daga ƙofa har baya. Farar rigar nan ta koma kamar tsumman da ake sauke tukunya da shi. Kafin ya miƙe, awakin unguwa sun ji labari. Ban san wa ya aika musu ba. Suka zo da 'ya'yansu da jikokinsu, suka kewaye motar suna lasa, wani bunsuru har ya hau bisa rufi don kada a riga shi. Ƙudaje suka zo nasu taron. Yara suka bar jiran babban baƙo suka dawo kanmu suna tafi: "Motar ƙosai! Motar ƙosai!"

Daidai nan jerin motocin baƙon ya iso. Motarsa ta rage gudu. Na ga wani mai rawani ya leƙo, ya nuna mu, ya ce wani abu, na cikin motar suka kwashe da dariya. Can baya shuɗiyar motar Bawa na tafe tana walƙiya, Bawa ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu, Malam Ilu! Allah ya kiyaye gaba!" Malam ya fito don a gan shi, an kuwa gan shi. Ban ji akwai wanda aka kalla a filin nan kamarsa ba.

Ya cafko kunnena. Kunnen ya sulluɓe. Ya sake cafkowa, ya sake sulluɓewa, don ni ma daga kai har ƙafa man ne. Ya tsaya yana huci yana duban tafin hannunsa, ya kai hanci ya sansana.

"Man Faransa," in ji shi a hankali.

"Ranka ya daɗe, gyaɗar dai daga can take."

'Yan dako ne suka ciccibo motar, suna yi suna sulɓewa suna zagi. A gida, mutumin da ke auna mini rabin gwangwani ya aika aka tattaro duk ɗan garuwar da ke unguwar, aka jera garewani a ƙofar gida kamar za a yi biki, aka sayo sabulu sanda sanda. Na yi ta wanki har hannuna ya yi fari. Ruwa na malala a titi, kaji na wanka, maƙwabta na tsaye da tuluna a bushe suna kallo suna Allah wadai. Tun ina gogewa ina kurɓa a ɓoye har na daina ɓoyewa.

Da la'asar Uwargida ta leƙo zaure. Idanunta sun yi ja, na ɗauka kuka ta yi, ashe dariya ce ta ci ta a ɗaka. Ta miƙo mini moɗa cike da ruwan randa mai sanyi, da tuwo har da nama a kai.

"Da gaske bunsuru ya hau rufin?"

"Har ya yi fitsari, Uwargida."

Ta toshe baki da gyale ta koma ciki da gudu.

Da motar ta fita tas, Malam ya zo da hankicinsa ya shafa, ya duba, ya sansana. Ni kuwa da ba a haife ni da kunya ba, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, maganar tuƙin nan fa? Da safe dai ta fi ta Malam Bawa sheƙi, kai ma ka gani."

Ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa tsirara ba, ashe 'yan ƙanana ne kamar na ɓera.

"Ai ka tuƙa," in ji shi. "Ɗauki tsummanka. In na sake ganinka a unguwar nan, 'yan doka za su koya maka sauran."

Kaka Delu ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai tambaye ni kwalbarta, na kawo. Ta ƙulle mini ƙosai a ganye, ta haɗa ni da wani falke mai goro da zai koma Tasawa, ta ce in na bi ta Gangara in duba mata ko tsamiyar bakin kasuwa tana nan.

Ban koyi tuƙi ba. Na koma Gazawa a bisa huhunan goro, samari suka sa mini suna Direba, kuma ba don girmamawa ba. Kwana kaɗan da isata ruwan farko ya sauka, babana ya miƙo mini ƙwaryar iri, na bi bayansa muka fita shuka.